Ranar da Na Hana Idrisu Magana

Masu karatu, ku matsa mini in zauna, don wannan zance ba na tsaye ba ne. Sunana Abarshi, tela ne ni a bakin kasuwar Birnin Gwari, kuma tun da Allah ya yi ni ban taɓa neman shugabanci ba, ko na layin alwala. Amma wana ya rasu ya bar 'ya mace, Ruƙayyatu, dangi suka duba suka ga ni kaɗai ne namiji mai furfura da ya rage, suka ce ni ne waliyyinta. Waliyyi a baki ke nan. Mai mulkin gida ita ce yayarmu Ma'u, wadda ta raini yarinyar tun tana rarrafe. Ni ma ita ta raine ni, kuma har yau ba ta yarda ta gama ba.

A shekarar da aka mayar da tuƙi hannun dama ne abin ya faru. Akwai wani direban motar katako, Idrisu, yana kwaso gungumen itacen maɗaci da na kawo daga cikin daji ya kai injin tsaga a Kaduna. Bagwari ne, musulmi, daga wani ƙauye a bayan Kuyello. Ya fara kawo mini wandon kakinsa in yi masa faci. Na yi. Mako na zagayowa ya sake kawowa. Na sake yi. Sai da wandon ya zama faci ya fi yadi yawa sannan na lura cewa ba ya yagewa sai daidai lokacin da Ruƙayyatu ke kawo mini abincin rana. Kun ji irin waliyyin da Allah ya ba yarinyar nan.

Da farko Yaya Ma'u ta fi kowa son sa, don ba ta taɓa jin bakinsa ba. Tana da rediyo a ɗakinta, a kan jeren tasoshi, an lulluɓe ta da kyalle mai surfani kamar amarya. Wata ranar Asabar ana filin gaishe-gaishe, sai mai karantawa ya ce, da muryar nan tasu mai santsi, "Idrisu Direba daga Birnin Gwari yana gaida sanyin idonsa Ruƙayyatu, yana kuma durƙusawa yana gaida Gwaggo Ma'u, Allah ya ƙara girma."

Yaya ta dafe ƙirji. "Ka ji yaro mai tarbiyya. Ka ji lafazi, Abarshi!"

Na ce, "Yaya, ai lafazin na mai karantawa ne."

"Rufe mini baki. Kai me ka sani ban da zare?"

Ba a yi kwana nawa ba Yaya da Idrisu suka haɗu a kasuwa. Ban ga haɗuwar ba, sakamakonta na gani. Ina zaune ina yanka wuyan riga sai ga Yaya ta faɗo shago, mayafi ya zame zuwa kafaɗa, tana huci.

"Abarshi, dube ni da kyau. Mace ce ni ko namiji?"

Tambaya irin wannan, in mutum yana da hankali, ba ya gaggawar amsa ta. Na ce, "Lafiya dai, Yaya?"

"Direbanku. Ya durƙusa har ƙasa a gaban masu daddawa, ya ce mini, 'Mama, ka zo kasuwa? Kawo kayanka in dauka maka.' Sai da na waiga in ga ko akwai wani ƙato a bayana. Ni Asma'u, da zanina da ɗankwalina, aka mayar da ni namiji a tsakiyar kasuwa!"

"To, ya ɗauki kayan ko bai ɗauka ba?"

"Ya ɗauka. Har ƙofar gida. Har ya gyara mini ɗaurin buhun. Wannan ba shi ne zancen ba." Ta ja kujerar masu jiran ɗinki ta zauna. "Sunan yarinyar ma bai iya ba. Rukaya. Rukaya! Kamar yana kiran akuya. Mutumin da harshensa bai iya riƙe suna ba, shi zai riƙe mace? Gobe ta haifo mana 'ya'ya suna magana kamar ana zuba gyaɗa a kwanon sha, duk inda suka buɗe baki a yi musu dariya."

A nan ya kamata in gaya muku abin da ba a faɗa a gaban Yaya. Mahaifinmu Bahaushe ne, fatake ne kakanninsa. Amma Innarmu Bagwara ce, daga can wajen da Idrisu ya fito, kuma har ta koma ga Allah "ka" take ce wa kowa, har kaza. Yaya ta yi aure a Kano tana budurwa. Abin da dangin miji suka yi wa bakinta a can ba ta taɓa ba ni labari ba, na dai san ta tafi tana magana irin tamu, ta dawo bayan rasuwar mijin da Kananci wanda ya fi na Kanawa kauri. Tun daga nan take auna mutane da kunne. Basakkwace a wurinta mai faɗa ne ko da addu'a yake yi. Bakatsine mai wayo ne. Mu mutanen nan kuwa ragwaye ne, wai ba ma ƙarasa kalma. Bakano ne kaɗai in ya zage ta za ta ce yana da hikima.

Kafin ta tashi ta yanke hukunci. Mutanen Idrisu sun riga sun aiko cewa ranar Juma'a zai zo gaida iyaye da goro. Ta ce ya zo. Za ta sake saurarensa sau ɗaya. In kunnenta bai karɓa ba, hannunta ba zai karɓi goro ba, kuma magana ta mutu.

Kashegari Ruƙayyatu ta kawo abinci. Ta sha atamfa mai ganyen rogo wadda ni na ɗinka mata da Sallah, ta ɗaura kallabi ya karkace gefe, alamar rigima. Ta dire kwanon a kan keken ɗinki har miya ta fantsama a kan yadin wani ɗan sanda.

"Baffa, wai kai ne waliyyina ko Gwaggo?"

"Ni ne mana. In ba ta kusa."

"Me ya yi? Ya yi sata? Yana shaye-shaye?"

"Ba ya yi."

"To ni bakin nan nasa nake so. In ya ce Rukaya, na san da ni yake, babu wata Rukaya a duniya. Masu iya ƙarasa sunan nawa ga su nan cike da gari, wanne ne a cikinsu ya taɓa tambayata ko na gaji?" Idonta ya kawo ruwa, ta mayar da shi da ƙarfi. "In aka mayar da goron nan, Baffa, ka nemi mai kawo maka tuwo."

Ka ji inda aka kama ni. Na kwana ina juya abin, sai dabara ta zo mini, irin dabarar da ke zuwa wa mutum ya ɗauka shi kaɗai Allah ya ba basira. Ai al'adarmu ta riga ta gama mana aiki. Saurayi in ya zo gaban surukai ba ya ɗaga kai, ba ya doguwar magana, abokinsa ne bakinsa. Iya shirunsa, iya yabon da zai sha na kunya. To me zai hana Idrisu ya fi kowane suruki kunya a tarihin garin nan?

Na tare shi a tasha yana duba taya. Na ce, "Ranar Juma'a ba ka da baki. In an gaishe ka, ka sunkuyar da kai. In an sake gaishe ka, ka ƙara sunkuyarwa. 'Amin' kaɗai na yarda maka, shi ma a hankali."

"Baba, in ya tambaye ni aikina fa?"

"Wa?"

"Mama."

"Ka ga irinta ko? Abin da nake gudu ke nan. Kana da aboki mai Hausar rediyo?"

Ya ce akwai ɗan wan babansa, malamin makaranta, a Zariya ya yi karatu. Sannan ya kama goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa. Ya ce, "Baba, da wannan baki nake salla. Da shi nake ciniki daga nan har Kaduna, ba wanda ya taba mayar mini da shi." Na ce na sani, na yini ɗaya ne kawai. Ya ce, "Saboda Rukaya, to."

Na ɗinka masa babbar riga ta farin yadi, na yi mata aiki a wuya, don in baki ya yi shiru tufafi su yi magana. A raina har na fara tausayin garuruwan da ba su da waliyyi irina.

Ranar Juma'a na sauko daga masallaci na shiga gida, sai na ji wani turare da ba namu ba. Ga takalmi mai tsini a ƙofar ɗakin Yaya. Ashe Hajiya Huraira ce, ƙanwar marigayi mijin Yaya, ta taso daga Kano za ta biki Kontagora, ta ce bari ta yada zango ta ga matar wanta. Mace ce mai jiki, da haƙorin Makka, da mayafi mai sharara, tana zaune a kan kujerar Yaya, ita kuwa Yaya tana kan tabarma. Ban taɓa ganin yayata ta ƙanƙance haka ba. Kowace kalma sai ta wanke ta kafin ta fito da ita.

"Hajiya, a ɗan taɓa abinci mana, kada miyan ta huce."

"Miyar, Asma'u. Miyar." Hajiya ta yi murmushi, haƙorin ya haska. "Ke dai har yanzu bakin nan yana nan."

Yaya ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ni kuwa na ce a raina, yau ga mai auna mutane an ɗora ta a sikeli.

Bayan la'asar baƙi suka yi sallama. Aka shimfiɗa musu tabarma a inuwar dalbejiya a tsakar gida. Idrisu ya shigo cikin babbar rigar nan yana tafiya kamar an ɗora masa buhu, ya zube a gefe, ya kafa ido a ƙasa. Ɗan'uwan nasa, siriri mai tabarau, ya ajiye ƙullin goro, ya gyara murya.

Masu karatu, na ji Hausa a rayuwata, amma ban taɓa jin irin ta ranar ba. Ya gaida Yaya, ya gaida Hajiya, ya yi wa mamatanmu addu'a, ya kawo asalin Idrisu da sana'arsa da gonarsa, kowace kalma da cikakkiyar wutsiyarta. Yaya ta lumshe ido kamar ana yi mata fifita. Daga bayan asabarin ɗaki ina hango yatsun ƙafar Ruƙayyatu, sun sha lalle. Na gyara zama. Aiki yana kyau.

Hajiya ta ce, "Kai, malam, ka iya magana. Daga ji ɗan babban gida ne. Mutumin wace unguwa ne kai a Kano?"

"Ranki ya daɗe, Andrawus sunana. Gida ɗaya muka tashi da Idrisu, tukunya ɗaya. Mu muna zuwa coci, su suna zuwa masallaci."

Hajiya ta ce, "Ikon Allah," ta gyara mayafi. Yaya ta buɗe ido. Sai Hajiya ta juya kan Idrisu, don kunnenta ya ba ta kunya, dole ta huce a kan wani.

"To shi angon fa? Tun da ya shigo ban ji ko tarinsa ba. Kai yaro, ina wuni?"

Idrisu ya sunkuyar da kai.

"Ya sunan mahaifinka?"

Ya ƙara sunkuyarwa. Yaron akwai cika alkawari. Hularsa har ta kusa taɓa tabarma.

Na ce, "Hajiya, kunya ce. Yaran nan namu akwai kunya."

"Kunya muna da ita a Kano, Malam Abarshi, amma ba ta hana sallama. Asma'u, kin tabbata ba kurma za ku ba 'yarku ba? An yi haka a unguwarmu, sai bayan ɗaurin aure aka gane. Kai yaro, Allah ya yi maka albarka, ɗago ka yi magana."

"Amin," in ji Idrisu, a hankali, yadda na koya masa.

"To ga shi yana ji! Me ake ɓoyewa?"

Idrisu ya ɗago ido ya dube ni. Ni kuwa na sami wata kaza a gindin rijiya na zuba mata ido kamar ban taɓa ganin kaza ba. Gumi yana bin wuyan rigar da na sha wahalar yi wa aiki. Can cikin ɗaki aka saki faranti a ƙasa, da gangan, na san hannun.

Sai ya zauna sosai, ya cire hular ya riƙe a hannu.

"Hajiya, ka yi hakuri. Ni ba kurma ba ne. Baba ne ya ce in yi shiru, don bakina ba ya yi wa Mama dadi."

Duk wanda ke tsakar gidan ya juyo ya dube ni, har kazar.

Ya ci gaba, yanzu da Yaya yake. "Mama, ni ina son Rukaya. Ina da gona, ina da aiki. Ba zai kwana da yunwa ba, ba zai yi kuka a hannuna ba, in Allah ya yarda. Hausa ne ban gama koya ba. Kuma gaskiya, Mama, ba na jin zan gama."

Sai Hajiya ta fashe da dariya. Ba 'yar dariya ba, irin wadda ake riƙe ciki, mayafi ya faɗi, hawaye ya zubo. Tana dukan cinyarta tana cewa, "Wayyo cikina! 'Ba zai kwana da yunwa ba'! Don Allah yaro sake faɗa. Sake faɗa in ji, in kai wa mutanen gida tsaraba." Ta dafa kafaɗar Yaya. "Asma'u, wallahi ke ya tuna mini, ranar da aka kawo ki. Kin tuna yadda muke zaunar da ke a tsakar gida mu ce ki sake faɗa? Ai bakinku ɗaya. Mu a can duk ɗaya muke jin ku, da ke da shi da telan naku. Sake faɗa mana, yaro!"

Na dubi Yaya. Shekarun da ta yi tana goge harshenta kamar tasar jere, ga inda suka ƙare: bakinku ɗaya. Fuskarta ba ta motsa ba. Ta sa hannu ta sauke hannun Hajiya daga kafaɗarta, a hankali, kamar mai cire ƙaya daga zani.

"Ba zai sake ba."

"A'a, Asma'u, wasa ne fa."

"Na san wasan. Na yi shi shekara da shekaru. A gidan ubana ba a sa baƙo ya sake faɗa."

Muryar da ta yi maganar da ita ba ta Kano ba ce. Tsohuwar muryarta ce, wadda take kirana da ita in dawo daga rafi muna yara. Sannan ta juya ga Idrisu ta yi masa magana da yaren Innarmu. Ni na ɗauka ta manta shi tun kafin a haifi Ruƙayyatu. Ban kama duka ba, na dai ji sunan ƙauyen Inna a ciki. Idrisu ya zaro ido, ya amsa, ta sake tambaya, ya sake amsawa, Andrawus ya cire tabarau yana gogewa. Yaya ta jawo ƙullin goron, ta kwance, ta zaɓi fari ƙato ta ɓare shi, ta jefa rabi a baki.

"Abarshi, kana zaune kamar an dasa ka. Karɓi kayan mutane ka sa albarka." Ta waiwaya. "Hajiya, a ci abinci. Miyan ya huce."

Hajiya ba ta gyara mata ba. Da sassafe ta kama hanyar Kontagora.

Kada ku ɗauka an gode mini. Baƙi na fita zaure Yaya ta taso mini. "Kai ka hana ɗan mutane magana a gidan ubanmu? Yaro da bakinsa? Abarshi, yaushe za ka yi hankali?" Na buɗe baki in tuna mata wanda ya fara, na tuna ni ma ina son zaman lafiya, na rufe. Ruƙayyatu ta fito ta wuce ni da faranti kamar ta wuce turmi. Wadda na yi domin ta ke nan.

Na bi baƙin zaure in raka su, ko a can a ce mini sannu. Idrisu ya riga ya tuɓe babbar rigar ya rataya a kafaɗa, yana shan iska kamar wanda aka sako daga kurkuku. Ya kama hannuna da hannu biyu.

"Baba, na gode. Saura abu daya karami."

Na ce, "Wane abu?"

"Kakata. Shi ne babba a gidanmu. Ya ce ba a kawo mata gidanmu sai ya ji bakinta tukuna. Rukaya zai je ya gaishe shi. Da yarenmu."

"Ruƙayyatu ko 'zo' ba ta sani ba da yarenku!"

Andrawus ya mayar da tabarau, ya ce da Hausar nan tasa mai daɗin tsiya, "Za ta koya, Baba. Sai dai tsohuwar tana da kunne. Cewa take Bahaushe in yana yarenmu kamar mai tauna tuwo da zafi ne, kuma ba ta ɓoye dariyarta. Sannan a gabanta waliyyi ne ke fara gaisuwa."

Na tsaya na lalubi abin da ya rage mini na yaren Inna. Na same shi cif: kalmomin da take jefo mini in ta kama ni da hannu a tukunya. Da su zan je neman wa 'yar wana mutunci.

Na ce, "Idrisu, a wurinku in baƙo ya sunkuyar da kai ya yi shiru, ai ana ɗauka kunya ce ko?"

Ya yi tunani, don yaron ba ya ƙarya.

"A'a, Baba. A wurin kakata, wanda ya yi shiru wani abu ya sata."

Ranar kasuwar Kuyello za mu tafi, a motar katako. Yaya ta riga ta ce ita ce a gaba kusa da direba. Ni a baya, kan gungume.